Murɗar Jiki a Cikin Taku: Ziyara Zuwa Olduvai da Laetoli

Hanyar da ta tashi daga Arusha zuwa Serengeti, a arewacin Tanzaniya, kwalta ce har ƙofar Lodoare. Daga nan sai jar ƙasa da gargada. Mota takan yi ta hawa cikin kurmi mai hazo da sanyi har ta kai bakin ramin Ngorongoro, ta bi gefensa, sannan ta gangara yamma. A wannan gangara ƙasa take sauya kama: kurmi ya ƙare, ciyawa ta gajarce, itatuwan ƙaya masu shimfiɗaɗɗen kai su warwatsu nan da can, ƙura ta riƙa shigowa ta kowace kafa. Shanun Masai da jakunan dawa suna kiwo a fili guda, babu ruwan wani da wani. A mararrabar da ke kaiwa kwazazzabon Olduvai an kafa siffar manyan ƙoƙunan kai guda biyu a kan dakali, kowanne ya kai tsayin mutum. Yawancin motocin 'yan yawon buɗe ido a nan suke tsayawa, a ɗauki hoto, a wuce neman zaki. Kaɗan ne suke karya kwana su shiga.

Gidan tarihin yana daf da bakin kwazazzabon. Ginin dutse ne mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, an buɗe shi a 2017 a madadin ƙaramin da mai bincike Mary Leakey ta kafa tun shekarun 1970. A gabansa akwai rumfa mai kujeru hawa-hawa, inda baƙo yake zama ya ga kwarin shimfiɗe a ƙarƙashinsa, tsawonsa kusan kilomita 48, zurfinsa wajen mita 90, da wani jan tsauni a tsaye shi kaɗai a tsakiya, ƙasarsa jere-jere kowace da launinta. A nan jagora yake ba da labarin ƙoƙon kan da Mary Leakey ta tsinta a 1959, wanda ya sa duniya ta san sunan wurin. Yana bayani iska na kwashe rabin maganarsa. Na saurara, amma hankalina yana ɗakin ciki, inda aka ajiye abin da ya sa na yi wannan doguwar tafiya.

Wani dogon falale ne mai launin toka, shimfiɗe a ƙasa, da sawun ƙafafu jere a kansa. Kwafi ne da aka zuba daga na ainihi, wanda yake Laetoli, kimanin kilomita 45 kudu da nan. Masu bincike sun ƙiyasta shekarunsa miliyan 3.66. Wani dutse mai aman wuta ya zubar da toka mai laushi a kan filin, yayyafi ya jiƙa ta, halittu suka bi ta kai, ta bushe ta ƙame, wata tokar ta sauko ta rufe. A 1976 'yan tawagar Mary Leakey suka fara cin karo da sawun dabbobi a wurin. A 1978 Paul Abell, wani masanin sinadarai da ke tare da su, ya ga alamar diddige da ba ta yi kama da ta dabba ba. Da aka share sai ga layin sawu mai tsawon mita 27, taku kusan 70, na masu tafiya uku: ƙarami a gefe guda, babba a ɗaya gefen, na ukun kuma yana sa ƙafarsa cikin sawun babban.

Na san wani mai karatu zai yi turus da jin adadin shekarun nan, da kuma matsayin da masana suka ba masu sawun a tarihin ɗan Adam. Wannan muhawara tana da nata zauren. Abin da ke gabana shi ne wata halitta ta Allah ta taka ƙasa da ƙafa biyu, sawunta kuma bai ɓace ba, ana iya durƙusawa a dube shi.

Na durƙusa ɗin. Diddige ya nutse sosai, alamar shi ya fara sauka. Daga nan nauyi ya bi gefen waje na tafin ƙafa, ya karkato ciki wajen tushen yatsu, ya fita ta babban yatsa, wanda yake jere da 'yan uwansa, bai ware gefe ba irin na biri. Ke nan ko a cikin sawu guda nauyi bai bi miƙaƙƙen layi ba, lanƙwasa ya yi. Abu na biyu, wanda ya fi ɗaukar hankalina, shi ne yadda sawun dama da na hagu suka matso kusa da layi ɗaya. Kwatangwalo biyu na mutum suna da tazara tsakaninsu, ƙafafu kuma daga can suke saukowa. Da a miƙe suke sauka, da sawun ya zama layi biyu masu nisa, mai tafiya yana rangaji dama da hagu. Abin da ya hana haka abu biyu ne. Ƙashin cinya a karkace yake, yana shigowa ciki daga kwatangwalo zuwa gwiwa, yadda gwiwa za ta zauna ƙarƙashin tsakiyar jiki. Irin wannan gwiwa ce Donald Johanson ya tsinta a Hadar ta ƙasar Habasha a 1973, shekara guda kafin ya gano ƙasusuwan da aka sa wa suna Lucy. Sannan ƙugu da kansa yana juyawa, yana kai ɓangaren ƙafar da ke sama gaba a kowane taku.

Mukan ɗauka tafiya abu ne na gaba kawai. Amma a duba lissafin. Ƙafa ɗaya, daga cinya zuwa yatsu, ta kai kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyin jiki, kuma ba a tsakiya take rataye ba, a gefe take. Idan aka jefa wannan nauyi gaba ta dama, a lokacin da na hagu yake komawa baya, dole jiki ya nemi juyawa hagu. Taku na gaba ya nemi juya shi dama. Babu abin da ke riƙe da mai tafiya face tafin ƙafarsa da ke manne da ƙasa, shi ne zai sha wannan murɗa in ba a sami mai raba masa ba. Duk wanda ya taɓa sauri a kan jiƙaƙƙen tayil ya ji diddigensa ya murɗe ya san ƙarfin da nake nufi. Miƙewar da muke gani a tafiyar mutum sakamako ne na juyi da yawa da ke soke juna, daga idon sawu har wuya.

Waɗanda suka fara auna wannan da gaske ba don sha'awar ilmi kawai suka yi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu dubban sojojin Amurka sun koma gida babu ƙafa, ƙafafun katakon da ake ba su kuma suna cin fatar dungulmin. A Jami'ar Kalifoniya aka haɗa tawaga ƙarƙashin likitan ƙashi Verne Inman da injiniya Howard Eberhart, wanda shi kansa ya rasa ƙafa ɗaya a wani haɗari. Suka yi abin da yau da wuya a yarje wa kowa: suka kafa siraran ƙarafa a ƙashin ƙugu da na cinya da na ƙwauri na waɗanda suka ba da kansu, suka sa su tafiya, suna ɗaukar hoto daga sama. Sakamakon da suka fitar a 1948 ya nuna ƙugu yana juyawa kimanin digiri 8 a zagayen taku guda, ƙashin cinya kimanin 15, ƙwauri kimanin 19. Wato juyin yana ƙaruwa ne yayin da ake gangarawa ƙasa. Daga lokacin da ƙafa ta tashi har zuwa jim kaɗan bayan ta sauka, tana murɗawa ciki. Daga nan ta juya waje har yatsu su bar ƙasa.

To ƙwauri yana juyawa, tafin ƙafa kuma a kafe yake. Ina murɗar take zuwa? Akwai wata gaɓa a ƙarƙashin idon sawu, tsakanin ƙashin da ƙwauri ke zaune a kai da ƙashin diddige, wadda a karkace take aiki. Idan ƙwauri ya juya ciki, sai ta sa tafin ƙafa ya kwanta, ya yi laushi, ya karɓi nauyi ya dace da kowace irin ƙasa. Idan ya juya waje, sai bakan tafin ya ɗago, ƙafar ta ƙame, ta zama abin turawa. Wannan shi ne lanƙwasar da na gani cikin tokar. Ƙafar katako ba ta da wannan gaɓa, don haka murɗar takan koma ta sauka a kan fata, tsakanin dungulmi da kwaroron da aka zura shi. Daga irin wannan bincike aka soma ƙera wani ɗan maƙali da ake sa wa a ƙwaurin ƙafar roba don ya shanye juyin. Yana da tsada, kuma ƙafafun roba masu sauƙin kuɗi da aka fi samu a ƙasashenmu ba su zuwa da shi. Idan mai ƙafar roba ya ce fatarsa na saɓulewa, bai kamata a ɗauka raki ne ba. Digirorin nan ne suke gurzar sa dubban sau a yini.

A 1953 Inman da Eberhart da abokin aikinsu Saunders suka jera abubuwa shida da suka ce su ne ginshiƙan tafiya, suka sa juyin ƙugu a farko, da hujjar yana rage hawa da saukar jiki, don haka yana rage gajiya. An shafe shekaru ana koyar da ɗalibai haka. Awon da aka yi daga baya da na'urori masu kyau ya nuna ragin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya tsaya shi ne juyin yana ƙara tsawon taku, musamman idan mutum ya ɗaga ƙafa.

Da na fito na zauna a inuwa kusa da wurin ajiye motoci, sai filin ya zame mini ɗakin gwaji. Ga tsofaffin Turawa suna jan ƙafa daga mota zuwa ƙofa, ga direbobi suna sauri tsakanin mota da ofishin tikiti. Bambancin a bayyane yake ga wanda ya san inda zai sa ido. Mai tafiya a hankali, ƙugunsa da ƙirjinsa kusan tare suke juyawa, hannuwansa na rataye suna ɗan motsi. Mai sauri kuwa, ƙugu ya bi ƙafa gaba ta dama, kafaɗar dama ta koma baya, jiki ya murɗe a tsakiya kamar wankin da ake matsewa, sannan ya warware ya murɗe ta ɗaya gefen. Masu bincike a ƙasar Holan sun auna wannan sauyi sosai, sun ga ba tashi ɗaya yake faruwa ba, a hankali ƙirji da ƙugu suke rabuwa gwargwadon ƙaruwar sauri. Mutane sukan zaci a kwankwaso murɗar take. A'a, ƙasusuwan bayan da ke kwankwaso an halicce su da wasu maƙalai da ke hana su juyi sai ɗan kaɗan. Yawancin aikin a sama yake, a ƙasusuwan bayan da haƙarƙari ke manne da su. Wani awo na 1967, shi ma da ƙarafa a ƙashi, ya nuna wajen na bakwai a jerin nan ne iyaka: abin da ke ƙasa da shi yana bin ƙugu, abin da ke sama yana bin kafaɗa.

Hannuwa kuma an daɗe ana jayayya a kansu. 'Yan uwan nan Jamusawa, Wilhelm da Eduard Weber, da suka wallafa littafinsu kan tafiyar ɗan Adam a 1836, sun ɗauki gaɓoɓi a matsayin abin da ke lilo da kansa. A 1939 Herbert Elftman ya yi lissafi ya ce akwai hannun tsoka a ciki. Duka biyun suna da gaskiyarsu: tsokar kafaɗa tana ɗan aiki don daidaita lokaci, amma yawancin lilon kyauta ne, motsin jiki ke kawo shi. Amfaninsa ne aka auna a Jami'ar Michigan a 2009. Steven Collins da abokansa suka sa mutum 10 tafiya iri-iri suna auna iskar da suke shaƙa. Da suka riƙe hannuwansu a jiki ba motsi, kuzarin da suke ƙonawa ya ƙaru da kashi 12 cikin 100, murɗar da ke tsakanin ƙafa da ƙasa kuma ta ƙaru da kashi 63 cikin 100. Da aka ce su tura hannun dama tare da ƙafar dama, kuzarin ya ƙaru da kashi 26 cikin 100. Wani lissafin daga Amstadam ya nuna ƙafafu ne ke haifar da mafi yawan juyin, hannuwa ke mayar da kusan rubu'i ta ɗaya gefen, ƙugu da ƙirji kuma rabonsu kaɗan ne, saboda suna kusa da tsakiyar jiki. Hannu bai kai ƙafa nauyi ba, amma yana nesa da tsakiya, yana kuma tafiya da sauri, shi ya sa ɗan nauyinsa yake da tasiri haka.

Ina cikin wannan kallo wani matashin Masai ya ratso da 'yan shanunsa ta bayan shinge, lulluɓe da jan mayafi, takalmin taya a ƙafarsa. Ya gicciya sanda a bayan wuya, ya rataya hannuwansa biyu a kai. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan tsayuwa, haka Fulani makiyaya suke yi. Sandar ta fito da abin da riga take ɓoyewa: bakinta na hagu yana leƙowa gaba, sannan na dama, a hankali, daidai da takunsa. Hannuwa ba su lilo, amma kafaɗa ba ta daina aikinta ba, hasali ma nauyin hannuwan da ya baje nesa da jiki ya sa ɗan juyi kaɗan ya wadatar. Tafiyar bin shanu tafiya ce ta sannu, inda lilon hannu ba shi da wani babban amfani, don haka makiyayi bai yi asarar komai ba, ya ma hutar da kafaɗunsa. Da wani maraƙi ya ɓalle, abin da saurayin ya fara yi shi ne sauke sandar ya riƙe ta a hannu guda, kafin ya ɗaga ƙafa.

Matan da na gani a hanya lamarinsu daban. Suna ɗauke da jarkar ruwa ko daurin itace a baya, da maɗauri da ya zagayo goshi, hannuwa biyu riƙe da maɗaurin kusa da kunne. Ba hannu, ƙirji kuma ya yi nauyin da ba zai juya da sauƙi ba. Abin da ya rage musu shi ne su gajarta taku, su yawaita shi, don kowane taku ya zo da ƙaramar murɗa. Wani bincike da aka wallafa a 1986 kan matan Luo da Kikuyu na Kenya ya gano suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsu ba tare da sun ƙona ƙarin kuzari ba, wasu kuma sukan ɗauki har kashi 70 cikin 100. Ana yawan kawo wannan adadi cikin sha'awa. Ni ma abin ya burge ni, amma ina ganin kada burgewar ta mantar da mu wuyan da ke ɗauke da wannan kaya shekara da shekaru. Mai talla da faranti a ka tana nuna wani ɓangaren: duk abin da ƙugu da kafaɗa suke yi a ƙasa, wuya yana soke shi, kai ya tsaya cak yana fuskantar gaba. Kowa yana yin haka don idonsa ya ga hanya sarai, ita dai ta kai shi matuƙa.

Ba da wannan tsari ake haihuwarmu ba. Yaro mai tatata hannuwansa a sama suke, ƙafafu a ware, jiki na tafiya dunƙule guda. Sai ya kai wajen shekara ɗaya da rabi hannu yake fara saɓa wa ƙafa. Kuma tsarin yana iya kwancewa. Mai ciwon baya yakan ƙanƙame tsokokinsa ya hana ƙirji rabuwa da ƙugu ko da ya yi sauri. A cutar Parkinson, ɗaya daga alamun farko shi ne hannu guda ya rage lilo, sau da yawa kafin karkarwa ta bayyana, daga baya mutum ya riƙa juyowa gaba ɗayansa da ƙananan taku, ba ya iya fara juya kai da kafaɗa. Iyalin gida ne suka fi kowa damar lura da wannan, in sun san abin lura ne, su kai dattijonsu asibiti da wuri.

Hanyar Laetoli ba ta da alamu, sai da ɗan jagora. Muka yi ta ratsa fako da busassun ƙoramu, tsaunin Lemagrut na gefenmu. Wasu raƙuman dawa suka tsallaka gabanmu ba gaggawa, ƙafar gaba da ta baya na gefe guda suna tashi kusan tare, jiki na karkata dama da hagu, dogon wuya na kai da komo don daidaita shi. Raƙuminmu na gida ma haka yake, shi ya sa mahayinsa yake rangaji. Wannan ita ce tafiyar da aka sa mutanen Michigan suka kwaikwaya, wadda ta fi cin ƙarfinsu. Mai ƙafa huɗu yana da wata ƙafar a ƙasa da za ta tare juyin. Mai ƙafa biyu, a mafi yawan lokacin takunsa, ƙafa ɗaya ce tak a ƙasa.

Laetoli kansa fili ne mai zaizayayyar ƙasa, farar toka ta ƙame tana leƙowa a bakin kwazazzabai, ƙaya ko'ina. Inda sawun yake, abin da ido zai gani dogon tarin baƙaƙen duwatsu ne. Tawagar Leakey ta sake binne shi a 1979 don kare shi. Sai ƙasar da aka zuba ta zama wurin tsirar itatuwan ƙaya, saiwoyinsu suka soma huda sawun. A 1995 da 1996 hukumar kayan tarihi ta Tanzaniya tare da cibiyar Getty ta Amurka suka tone, suka kashe saiwoyin, suka sake ɗaukar awo, suka rufe da yashi da shimfiɗu masu hana saiwa, suka danne da duwatsu. Wasu baƙi sukan ji haushi, sun sha ƙura don ganin tsibin dutse. Ni ina tare da masu binnewar. Tokar nan ba ta da ƙwari, rana da ruwa na 'yan shekaru sun isa su shafe gefen diddigen da ake aunawa. A cikin tokar nan ɗin an sami sawun zabi da zomaye da giwaye da raƙuman dawa, da wani irin doki mai kofato uku tare da ɗansa, har da ramukan ɗigon ruwan saman da ya jiƙa ta.

Toka ƙafa kaɗai ta sani. Ba ta ajiye labarin kafaɗa ko hannu ba, don haka sai an koma ga ƙashi. Masana sun fi danganta sawun da jinsin Lucy, wanda aka sami haƙoransa da muƙamuƙinsa a nan Laetoli. Ƙashin ƙugun Lucy gajere ne mai faɗi, fukafukansa sun zagayo gefe, yadda tsokar da ke kansu za ta riƙe ƙugu kada ya rufta lokacin da ƙafa ɗaya ke sama. Na birin cimfanzi dogo ne, shimfiɗe a baya, ya matse ƙasusuwan kwankwaso, waɗanda a wurinsa uku ne ko huɗu, a wurinmu biyar. Saboda haka aka daɗe ana ɗauka gangar jikin cimfanzi dunƙule ɗaya ce. A 2015 Nathan Thompson da abokansa a Jami'ar Stony Brook suka auna cimfanzi biyu da aka koya wa tafiya a tsaye. Suka tarar ƙirjinsu yana motsi dabam da ƙugu kusan gwargwadon namu. Bambancin shi ne ƙugunsu yana juyawa fiye da namu nesa ba kusa ba, ƙirjin kuma yana bin sa gefe guda, sai dai ya rage yawan juyin, ba ya saɓa masa. Idan biri mai matsattsen kwankwaso yana da wannan dama, babu dalilin hana masu sawun Laetoli ita. Akwai kuma ra'ayin Yoel Rak na 1991, cewa faɗin ƙugun Lucy ba naƙasa ba ne: mai gajerun ƙafafu, idan ƙugunsa na da faɗi, juyi ɗan kaɗan zai kai kwatangwalo gaba sosai, taku ya yi tsawo. Awon da aka yi a kan mutanen yau masu faɗin ƙugu ya goyi bayan wannan.

Jagoran ya nuna mini wani wuri kimanin mita 150 daga tarin duwatsun. A 2015 masu binciken Tanzaniya, ciki har da Fidelis Masao da Elgidius Ichumbaki, suna haƙa ramukan gwaji don shirin gina gidan tarihi, suka faɗa kan sawun wasu masu tafiya biyu, cikin toka ɗaya, sun nufi inda na farkon suka nufa. An ƙiyasta tsawon babbansu kusan santimita 165. Shi ma an rufe shi.

Wanda ya fi riƙe ni shi ne wani wurin da ake kira A, mai taku biyar kacal. Tun 1976 aka gan su, amma siffarsu gajera ce mai faɗi, jerinsu kuma baƙo, har wasu suka ce wataƙila ɗan beyar ne ya miƙe tsaye. Aka bar su sama da shekara 40. A 2019 Ellison McNutt da abokan aikinta suka sake tono su, suka share da kyau, suka kuma ɗauki hoton beyar masu rai suna tafiya da ƙafa biyu don kwatanci. Rahotonsu na 2021 ya ce ba beyar ba ne. Hujja mafi ƙarfi ita ce mai sawun yana ƙetara layin tsakiya, ƙafar dama ta sauka hagu da ta hagu, ta hagu ta sauka dama da ta dama. Beyar da cimfanzi, in sun miƙe, ware ƙafa suke yi, ba su da kwatangwalo da gwiwar da za su ba su damar harɗe taku ba tare da sun faɗi ba. Harɗe taku yana buƙatar a tsaya a ƙafa guda, tsokar gefen ƙugu ta riƙe, ƙugu ya juya fiye da yadda ya saba, ƙirji ya mayar da juyin, ƙafar da ke sama ta zagayo ta gaban 'yar uwarta. Mu ma mukan yi haka idan muka yi tangaɗi muna neman daidaito, jiƙaƙƙiyar toka kuma wurin santsi ce. Amma siffar tafin ba ta yi daidai da ta sauran sawayen ba, ta fi faɗi, babban yatsan ya ɗan ware. Shi ya sa marubutan suka ce wata halitta ce dabam mai ƙafa biyu, da ta ratsa filin nan a kwanakin da waɗancan suka ratsa. Akwai masanan da ba su gamsu ba, suna ganin taku biyar sun yi kaɗan a gina sabon jinsi a kansu, kuma ina ganin suna da hujja. Batun beyar dai ya faɗi, kuma harɗewar takun ce ta kayar da shi.